Ba coci, ba waƙa, addu'a ma ta ƙi fita: amsa ga wata 'yata a Jidda

Saƙon nan ƙarfe 2 da wani abu na dare ya shigo mun, daga nan ma na gane mai shi bata samun barci. Na cire sunanta da sunan ƙauyensu, na ɗan rage tsawonsa, ga abinda tace:

"Mama sannu da aiki. Ni daga jihar Gombe nake, shekarata ɗaya da wata huɗu a Jidda ina aikatau, wata tsohuwa nake jinya mai shanyewar ɓarin jiki. Mutanen gidan basu da matsala, suna biyana akan lokaci, da kuɗin nake riƙe yarana biyu da na bari wajen mamata tunda babansu ya rasu. A gida ni 'yar kwaya ce, wato mawaƙan coci, kuma ina cikin zumuntar mata, da wuya rana ta fito ta faɗi ban taka coci ba. Anan ba coci, Lahadi ma ranar aiki ce, ko waƙa bana iya ɗagawa. Da farko ina ƙoƙari amma yanzu in na durƙusa ba abinda ke fitowa, ko barci ya kwasheni ko in kama kuka, ji nake kaman da bango nake magana. Wani mai wa'azi a TikTok yace ruhun ƙasar ne ya danne ni, in yi azumin kwana uku ba ci ba sha in kuma tura kuɗin shuka iri. Na yi, rana ta biyu jiri ya kada ni a kicin. Mama ko Allah ya juya mun baya ne dan na zo inda ba'a sujada? Saura wata takwas kwantiragina ya ƙare, in gudu ne ko in zauna?"

Salama 'yata, sannu, sannu da ƙoƙari. Na karanta saƙonki sau uku kafin na iya amsawa, sabida akwai wuraren da kaman ni ce na rubuta su shekarun baya. Bari in fara da abinda yafi ci miki rai tukuna: Allah bai juya miki baya ba. Ba ina faɗa dan in lallashe ki bane, in sha Allah kafin ki kai ƙarshen amsar nan zaki ga dalilina. Amma tun kafin mu je can, dan Allah daga yau ki daina tura wa mutumin nan ko riyal ɗaya, ki cire shi daga wayarki gaba ɗaya. Kuɗin nan guminki ne, kuɗin makarantar marayu ne, kuma ba inda Yesu ya taɓa karɓar ko kwabo kafin ya ji kukan wani. Sannan azumin ba ci ba sha har kwana uku a garin nan da iska kanta ke da ɗumi da gumi, ga ki kina ɗaga babban mutum kina juya ta kina mata wanka, ni ma'aikaciyar jinya ce nasan abinda rashin ruwa ke yi wa ƙoda, Allah ne ya kiyaye da a kicin kika faɗi ba'a kan matakala ba ko kina riƙe da tsohuwar. Kar ki sake.

Ni na zo ƙasar nan aikin asibiti tun lokacin da Alhamis da Juma'a ne ranakun hutu, sai a 2013 aka mayar Juma'a da Asabar, ita dai Lahadi bata taɓa zama tamu ba, ita ce ma ranar da mako ke farawa. Shekarata ta biyu mamata ta rasu a gida, ban samu izinin tafiya akan lokaci ba, aka binne ta ina kan aikin dare ina auna wa mutane jini. Bayan nan na yi wata wajen bakwai bakina ya rufe gaban Allah. Ba wai na daina ba da gaskiya ba, a'a, kawai in na buɗe baki ba komai a ciki, kaman kin ɗaga murfin tukunya kin tarar ba ko ƙanzo. Ni da a gida nake jagorar addu'a mutane suna amin amin. Toh nasan abinda kike nufi da magana da bango, na san shi sarai.

Abinda na gane daga baya, wanda nake ganin ke ma shi ke damunki, shine a gida bamu taɓa ɗaukar bangaskiyarmu mu kaɗai ba. Taro ne ke ɗauke da mu bamu sani ba. Ran Lahadi ganga da shantu da tulun zumunta, ran Talata ko Laraba bita, ga addu'ar asuba, ga ziyarar marasa lafiya, in an yi rasuwa a kwana ana waƙa, ko baki da ƙarfi ranar muryar ta kusa dake zata ja taki ta tashi. Kaman itace ne a murhu, suna da yawa wuta na ci bal bal. Yanzu an zaro ki ke ɗaya an ajiye gefe, dole harshen wutar ya kwanta. Amma ke 'yar ƙauye ce kin san yanda iyayenmu ke rufe garwashi da toka da dare, da safe kowa ya duba sai yace ta mutu, sai an tona an hura a ga jan yana nan. Kukan nan da kike yi in kin durƙusa, da saƙon da kika rubuto ƙarfe biyun dare kina tambayar ko Allah ya bar ki, shine jan garwashin. Wanda wutarsa ta mutu baya wannan tambayar, barcinsa yake sha.

Kuma ba ke kika fara ba. Ki buɗe Zabura 42 ki ga mutum yana tuna yanda da yake tafiya cikin taro zuwa ɗakin Allah da sowa da waƙoƙin godiya, yanzu kuwa hawaye ne abincinsa dare da rana. Zabura 137 kuma ta mutanen da aka kwashe zuwa Babila ce, sun rataye molayensu a jikin itatuwa suna tambaya ta yaya zasu raira waƙar Ubangiji a baƙuwar ƙasa. Kinga wannan tambayar taki ce sak, 'yar kwaya a Jidda, kuma Allah bai share ta daga Littafinsa ba, ya bar ta a ciki dan irin mu.

Akwai labarin da nake so ki karanta a hankali, 1 Sarakuna sura 19. Iliya ne, bayan babbar nasarar da ya samu a Dutsen Karmel inda wuta ta sauko daga sama gaban jama'a, sai Yezebel ta aiko masa da barazanar kisa, ya ruga jeji ya zauna ƙarƙashin wani ɗan itace yace ya isa haka Ubangiji ka ɗau raina. Babban annabi kenan fa. Toh me Allah ya yi masa? Bai ce masa ruhun jeji ne ya danne shi ba, bai ɗora masa azumi ba, bai ma yi masa faɗa ba. Barinsa ya yi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ba shi gurasa da tulun ruwa, ya ci ya sha ya sake kwantawa, aka sake tashinsa aka ce ya ƙara ci dan tafiyar ta fi ƙarfinsa. Sai bayan ya ci ya huta ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Horeb sannan maganar ta zo, kuma da ta zo bata zo cikin iska mai farfasa duwatsu ba, bata zo cikin girgizar ƙasa ko wuta ba, cikin wata 'yar siririyar murya ta zo bayan komai ya lafa. Ni wannan wurin yana taɓa ni ƙwarai sabida mu mun tashi ne da sanin Allah na Karmel, na wuta da ƙara da taro, kuma gaskiya ne shi ne, amma ba wanda ya koya mana Allah na Horeb. Ƙasar nan ce ta koya mun shi, da kuka na koya.

Sabida haka barcin da ke kwashe ki in kin durƙusa ba shaiɗan bane 'yata, gajiya ce. Nasan gidajen nan, cin abincin dare sai sha ɗaya ko sha biyu, baƙi su zauna shan gahawa har ƙarfe ɗaya, ke ce ƙarshen kwanciya, tsohuwa kuma ta tashe ki sau biyu sau uku kafin gari ya waye, in azumin Ramadan ya zo kuwa dare ya koma rana gaba ɗaya. Macen da ta yi barcin awa huɗu ta durƙusa ta kifa kai akan katifa ta rufe ido, ai jiki zai karɓi haƙƙinsa ne. Ki daina yin addu'a a bakin gado da ƙarshen dare lokacin da ba abinda ya rage a jikinki. Ki nemo wani lokacin.

Ga yanda ni na yi, ki duba ko zai shiga naki tsarin. Na lura a ƙasar nan akwai agogon da baya kuskure, kiran salla sau biyar. Da an kira, mazan gida su nufi masallaci, matan su shige ɗaki, gida ya yi tsit na minti goma ko sha biyar, ba mai kiran sunanki. Da farko in na ji kiran sai kewar ƙararrawar cocinmu ta kama ni, daga baya nace to ai su ma Allah suka tafi nema a yanda suka sani, ni me zai hana in tsaya gaban Ubangijina a wannan ɗan tsakanin? Kuma tsayar da sa'o'in addu'a ba baƙon abu bane a wurinmu. Daniyel sau uku yake yi a rana, Zabura 55:17 ta ambaci maraice da safe da tsakar rana, Bitrus da Yahaya ƙarfe 3 na yamma suka nufi Haikali dan lokacin addu'a ne, a Ayyukan Manzanni 10 kuma Bitrus kan soro ya hau da tsakar rana a Yafa yana addu'a. Ba nace ki ɗauki duka biyar ba, ɗaya tak zaki zaɓa wanda kika san tsohuwa ta fi yin barci a cikinsa. A yawancin gidaje bayan sallar asuba ne, mutane na komawa barci gida ya mutu har hantsi, ko kuma bayan cin abincin rana. Ki riƙe wannan ɗayan kullum, minti goma. Kar kice goma ya yi kaɗan ga wadda ta saba kwana a coci, goman da zaki iya yi yau da gobe da jibi ya fi awa biyun da zaki yi sau ɗaya ki kwana huɗu kina jin laifi.

Wuri ma ki tsayar da ɗaya. Ni matakalar baya ta asibiti ce, hawa na uku, inda ba mai bi sai masu shara. Ke ƙila ɗakinki ne, ƙila saman bene wajen shanya, in hakane ma ya fi dan zaki ga sararin sama ki sha 'yar ranar safe, masu aikin cikin gida da yawa sai su yi makonni rana bata taɓa fatarsu ba ga mukayyif, wato AC, dare da rana, wannan kaɗai yana sa jiki ciwo da kasala. Ki zauna a zaune, bayanki a miƙe, kofin ruwa ko shayi a hannu, ba dole sai kin durƙusa ba. A Matiyu 6:6 Yesu cewa ya yi ki shiga ɗaki ki rufe ƙofa ki yi addu'a ga Ubanki da ke ɓoye, a ayoyi biyu na gaba kuma ya hana yawan surutu da maimaici, yace Uban ya san bukatarki tun baki roƙa ba. Shekaru ina karanta wurin nan kaman wa'azi ne akan munafukai kawai, sai da na zo nan na ga ashe kyauta ce aka ajiye wa wanda bashi da komai sai ɗaki da ƙofa.

Toh in kin zauna me zaki yi? Wayar ita ce matsala ta farko, sabida Littafinki a cikinta yake kuma WhatsApp ma a cikinta yake. Ki sauke Littafi Mai Tsarki na Hausa yanda zai buɗe ba data, ki kashe data kafin ki zauna, in ba haka ba kina buɗe Zabura saƙon gida zai faɗo ana neman kuɗin taki ko na asibiti, shikenan minti goman ya tafi a lissafi. Ki karanta Zabura ɗaya, ɗaya kawai, a hankali kina motsa leɓe. Guda 150 ne, in kina ɗaya a rana wata biyar zasu kai ki, dogayen irin ta 119 ki yanka su gida gida, kinga kusan sauran kwantiraginki kenan. In wata jimla ta tsaya miki a maƙogwaro ki tsaya a kanta kar ki wuce, ki maimaita ta sau biyu sau uku kaman kina tsotsar tsamiya. Daga nan sai ki yi shiru. Shi ne mai wuyar. Ki ce masa, Baba gani nan, ba ni da magana yau, sai ki zauna kawai.

Nasan me zai faru, minti ɗaya ba zai cika ba hankalinki ya tafi wajen yara, ko an biya kuɗin jarabawa, ko maganin tsohuwa na ƙarfe takwas, ko maganar da uwar gida ta yaɓa miki jiya. Kar ki yi faɗa da kanki. Duk abinda ya taso ki miƙa masa shi da sunansa, Baba ga ɗana, Baba ga maganar jiya ta yi mun zafi, sai ki dawo kan jimlar Zaburar. In sau ashirin ya tafi sau ashirin ki dawo da shi, yanda ake dawo da akuya daga gonar mutane ba tare da an karya mata ƙafa ba. In kuka ne ya zo ki bar shi ya zo, Romawa 8:26 tace bamu san yanda ya kamata mu yi addu'a ba amma Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishe-nishen da baki baya iya faɗa. Hannatu ma a Shilo leɓunanta kawai ke motsi ba'a jin murya, har Eli firist ya zaci ta sha ta bugu, kuma wannan addu'ar da ba wanda ya ji ita ce ta haifi Sama'ila. In kuwa haushin Allah kike ji akan mutuwar mijinki da barin yaranki, dan ina zargin akwai wannan a ƙasan tukunyar ko da baki faɗa ba, ki faɗa masa kai tsaye. Zabura 13 sau huɗu tana tambayarsa har yaushe, ta 88 kuwa da duhu ta ƙare ba ko kalmar ta'aziyya ɗaya a ƙarshenta. Ni ranar da na iya ce masa me yasa ka hana ni ganin gawar mamata, ranar bakina ya fara buɗewa.

Abu ɗaya nake roƙonki da shi, kar ki dinga auna zaman da abinda kika ji. Mun saba in an fito sujada ace yau Ruhu ya sauko sabida tsigar jiki ta tashi, toh in bata tashi ba fa, baya nan kenan? Zaki yi kwanaki, ƙila makonni, ki tashi daga minti goman nan baki ji komai ba sai ƙarar mukayyif. Ki koma gobe. Kin tuna rijiyoyinmu a watan Maris da Afrilu in ruwa ya ja baya, mai gaggawa ta zura guga ta kwaso laka ta tafi tana cewa rijiya ta ƙafe, wadda ta sani kuwa sai ta ajiye bokitinta ta zauna a bakin rijiyar ta jira ya tsattsafo ya taru. Ni sai da na yi wajen wata biyu a matakalar nan kafin na lura da wani abu, kuma ba'a matakalar na lura ba, a ɗakin marasa lafiya ne, wani ɗan'uwan majinyaci ya zazzaga mun masifa akan abinda ba laifina ba, na ji zuciyata bata tafasa yanda ta saba ba, na amsa masa a hankali na ci gaba da aikina. Sai da dare na tuna nace ikon Allah, daga ina wannan ya fito? Haka ƙarfin yake zuwa, baya sallama.

Yanzu maganar ko kin yi zunubi da kika zo. 'Yata, gwauruwa da ta ƙetare teku dan 'ya'yanta su ci su yi karatu, wane zunubi? Allah bashi da iyakar ƙasa ballantana ace sai da biza zai shigo. Ki duba Farawa 16, Hajaratu baiwa ce 'yar Masar tana aiki a gidan da ba na ƙasarsu ba, a jeji ita kaɗai mala'ikan Ubangiji ya same ta ya kira ta da sunanta, ita kuma ta kira Ubangiji Allah mai ganina. 'Yar aikin gida ce fa. A 2 Sarakuna 5 wata 'yar yarinya da aka kamo daga Isra'ila tana yi wa matar Na'aman hidima a Suriya, ko sunanta ba'a rubuta ba, ba haikali ba firist kusa da ita, amma bangaskiyarta na nan da rai har ta zama sanadin warkewar maigidan daga kuturta. Bulus kuma da kansa ya faɗa a Galatiyawa 1:17 cewa bayan ya sadu da Yesu bai wuce Urushalima wajen manzanni ba, Arabiya ya tafi, wato ƙasar Nabatawa ta wancan zamani wadda ta miƙo har Mada'in Salih da ke arewa maso yammacin ƙasar nan. A Najran can kudu kuma akwai masu bi tun kafin zuwan Musulunci, wajen shekara ta 523 aka kashe da yawansu sabida sun ƙi musun Yesu. Ƙasar da kike takawa an taɓa kiran sunansa a kanta tun kafin bishara ta iso garuruwanmu da fiye da shekara dubu.

Sannan tsohuwar nan da kike wa wanka kina share mata baki kina juya ta kar gyambon kwanciya ya kama ta, kar ki ɗauka wannan aiki ne daban sujada daban. A Matiyu 25 cikin abubuwan da Yesu ya lissafa akwai ina rashin lafiya kuka kula da ni. Ki dinga mata addu'a a zuci lokacin da kike shafa mata mai, ba sai ta ji ba. Amma ki kiyaye, dokar ƙasar nan bata yarda da wa'azi ko sujadar fili ta wani addini ba, ba coci ko ɗaya a ƙasar, toh kar zafin zuciya ko zugar wani na intanet yasa ki fara yi wa mutanen gida wa'azi ko ki bi wanda baki sani ba zuwa wani taro a ɓoye. Addu'arki a ɗakinki tsakaninki da Ubanki ce. Kirkinki da amanarki su ma magana suke yi.

Kallon sujadar gida a Facebook da kika ce mun kina yi kina kuka, ban ce ki daina ba amma ki rage, sabida wani lokacin ba ciyar da ke yake ba, tona miki miki yake. Mun fi Najeriya da awa biyu, in sun shiga ƙarfe 8 ke 10 ce a wajenki kina tsakiyar aiki, ki bari sai kin samu sarari ki saurari wa'azin kawai ko karatun. Abinda ya fi wannan amfani shine mutum ɗaya. Ki nemi mace ɗaya a zumuntarku ta gida wadda bakinta ke da murfi, ko maman fasto in kun saba, ki gaya mata gaskiyar halin da kike ciki, ku tsayar da rana ɗaya a mako ku yi waya ko minti biyar ne ta yi miki addu'a da murya kina ji. Zaman shirun da nake gaya miki bazai maye miki gurbin 'yan'uwa ba, Yesu ma da yake keɓewa da asuba tun da sauran duhu, kaman yanda Markus 1:35 ya faɗa, dawowa yake cikin mutane. Kuma ki daina nuna wa 'yan gida komai lafiya lau, su suna ganin kina Saudiyya kina kwasar riyal, basu san da me kike biya ba.

Gudu kuwa, a'a, kar ki gudu. Kin ce da bakinki suna biyanki kuma basa cutar da ke. Da kin fita kafilinki, wato maigidan da ya ɗauko ki aiki, zai kai rahoton hurub cewa kin gudu, daga ranar kin zama marar takarda, ba asibiti cikin kwanciyar hankali, ba aikin kirki, kullum kina waige, ƙarshenta tarhil a mayar da ke gida hannu rabbana, na ga 'yan mata da yawa da aka ruɗa da cewa akwai aiki mai tsoka a waje suka ƙare a wahalar da ta fi ta da. Kuma abinda ke damunki ba'a gidan yake ba, ko kin canza unguwa zai bi ki. Akwai wani wuri a Ishaya 30 daga aya 15, mutanen Yahuza na cikin tsoro suna ta rugawa Masar neman taimako, Allah yace musu cetonsu na cikin komowa da hutawa, ƙarfinsu na cikin natsuwa da dogara, suka ce a'a mu dai dawakai zamu hau mu tsere. Wata takwas kaman yau ne, ki ƙarasa ki karɓi haƙƙinki ki fita ta ƙofa da fasfonki, sannan ki zauna da mamanki ku yi shawara ko zaki sake dawowa ko ya isa.

Amma kar ki fahimce ni a karkace, jiran Ubangiji ba shine ki haɗiye zalunci ba. Dokar ma'aikatan gida ta ba ki hutun kwana ɗaya a mako, fasfonki kuma naki ne ba na kafili ba. In ba'a baki hutun, ki samu uwar gida ranar da take cikin walwala ki roƙa cikin ladabi, ki ce jikinki na bukata dan ki iya riƙe mamansu da kyau, ko rabin yini ne a fara da shi, kuma a samu wanda zai dinga karɓarki dare ɗaya a mako ki yi barci mai kyau. In wata rana abu ya canza aka fara riƙe albashi ko duka ko wani ya nemi taɓa mutuncinki, wannan ba wurin shiru bane, akwai ofishin jakadancin Najeriya a nan Jidda, akwai kuma hanyar kai ƙara ta hukumar ƙwadago, ki ajiye lambobinsu da hoton iƙamarki, wato katin izinin zamanki, da kwantiraginki a wayarki tun yanzu.

Sai kuma wannan, da bakin ma'aikaciyar jinya nake faɗa. In kin ga abinci ya daina shiga, kina ramewa, ko kin samu lokacin barci ma ya ƙi zuwa, ba abinda ke miki daɗi har muryar yaranki, ko tunanin gara mutuwa ya fara zuwar miki, kar ki tsaya cewa sai na ƙara addu'a, ki ce a kai ki asibiti ki gaya wa likita kaman yanda kika gaya mun. Ciwon damuwa ciwo ne kaman hawan jini, yana da magani, kuma shan maganin baya rage wa mutum bangaskiya. Ki sa a duba miki jini ma, tunda jiri ya taɓa kada ki.

Waƙar kuma da kika ce baki iya ɗagawa, ba sai kin ɗaga ba. Ki yi ta a maƙoshi ƙasa ƙasa lokacin wanke-wanke ko guga, famfo na zuba ba mai ji, muryarki ta kwaya ki riƙe abarki kar ta yi tsatsa dan zumunta na jiranta. Gobe in an kira asuba gida ya yi tsit, ki sha ruwa, ki hau sama, ki fara da Zabura 62. Ni ma ita zan buɗe a matakalata in ambaci sunanki da na yaran. Bayan sati uku ki rubuto mun, ko da abinda zaki ce shine Mama har yanzu ban ji komai ba, inaso in sani, kuma ki gaya mun ko an baki ranar hutun.